Kaka, Uwa da Jika a Hannun Kawu

Na Allah ne mu, kuma Kawu ya riga mu komawa gare Shi wata Talata da hantsi, yana zaune a kujerar roba a ƙofar gidanmu na unguwar Darrasa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Bai yi jinya ba. Inna, matarsa, ta ce ko a mutuwa bai yarda a riƙe shi ba.

Kafin azahar lungunmu ya cika. Na sha zuwa gidajen makoki a Alƙahira, amma ban taɓa ganin inda masu ta'aziyya ke kuka suna shafa kunci ba sai a namu. Da wuya a sami namiji a kan tabarmar nan wanda bai taɓa shan marin Kawu ba. Ɗaliban Nijar da nake dafa wa tuwo suka zauna a jere, kowa na ba da labarin nasa. Wani ya ce a kan ya gitta gaban mai salla ne, wani ya ce a kan ya yi wa mai sayar da burodi tsawa. Akwai wanda ya rantse har yau bai san laifinsa ba, amma ya tabbata akwai. Mai shagon da Kawu ya yi wa aiki ya zo, ƙaton Bamisire mai karkataccen hanci, ya zube a bakin ƙofa yana cewa Usta ya tafi, Usta ya tafi, wato babban magyari. Kawu ne ya karkatar masa da hancin, zan zo kan wannan.

An kai shi maƙabartar da ke hanyar Fayyum, domin ya sha gargaɗinmu cewa kabari irin na gida yake so, kada a ajiye shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa irin na mutanen nan. Mu mata muna sama muna karɓar gaisuwa. Ana ta yaba mini haƙuri don ba a ga hawayena ba, alhali ba haƙuri ba ne, tsoro ne. Idona na kan Yayana. Akwai wani mutum a Giza da Yaya ya rantse sai ya kashe, kuma mutum ɗaya tak da ya tsaya tsakaninsu shi ne aka ɗauka a makara.

Kawu wan mahaifiyarmu ne. Ɗan maharbi ne daga ƙauyenmu na bakin kogi, kudu da Sinnar a Sudan, inda kakanninmu suka yada zango a hanyar Hajji suka ƙi tashi. Karatun addini aka turo shi yi yana saurayi. Nahawu ya ƙi shiga, shi kuma ya ƙi lallashinsa. Wata rana yana yawo ya leƙa wani shagon gyaran bindigogin farauta, ya ga tsohon mai shagon yana fama da wata ƙusa, ya ce masa ba haka ake yi ba. Tsohon ya miƙa masa. Daga ranar littattafansa suka zama matashin kai.

Bai haihu ba. Ni ya aika aka kawo masa ina yarinya, kuma da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bakinsa bai taɓa furta sunana ba, Uwata yake ce mini. Wannan suna ne ya tsare mini kunci. Ni kaɗai ce a gidan nake iya ce masa bai yi daidai ba in kwana lafiya, kuma na yi amfani da damata sosai.

Ni ce ke kai masa abincin rana shago, tun ina budurwa har na yi aure har na haihu, don haka na san abin da ban nemi sani ba. Bindigar da ya fi ƙwarewa a kanta wata ƙirar Italiya ce ta harbin tsuntsu, mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya, irin wadda ake karyawa a tsakiya a zuba harsashi. Masu hali na Masar suna son ta tun zamanin iyayensu, suna fita da ita harbin agwagwa a tafki in sanyi ya shigo. Masana'antar ta ƙera ta zubi uku, shekaru masu yawa tsakani, suna ɗaya, siffa ɗaya. In an jingine su a bango ba ka da abin cewa. Kawu ya raɗa musu suna: Kaka, Uwa, Jika.

Kaka kunama biyu gare ta, kowane baki da tasa. In ka karya ta bayan harbi ɗan ɗago kwanson kawai take yi, kai za ka zare da farce. Zanen agwagin da ke jikinta da hannu aka sassaƙa, in ka shafa za ka ji kaifinsa. Uwa kunama ɗaya ce, kuma tofar da kwanso take yi ta kan kafaɗarka, Kawu ya ce rashin kunya daga kanta ya fara. Zanenta inji ne ya buga, sumul yake. Jika kuwa baƙar roba ce a gindinta, da zobba a baki da ake kwancewa a sauya, kuma maƙogwaronta dogo ne, tana haɗiye dogon harsashi mai ƙarfi wanda Kaka ba ta iya ɗauka. Haƙorin da ke kulle ta in an rufe ma ya fi na Kaka faɗi.

Duk wannan ba shi ne ilimin ba, in ji shi. Mutane na sa wa Kaka roba don ta rage dukan kafaɗa. Wasu na sa a mayar da kunamarta ɗaya. Akwai Uwar da ta fito da gindin Kaka domin masana'anta ba ta gama da tsohon katako ba. Saboda haka Kawu ba ya faɗin sunan bindiga daga nesa, ko da mai ita ya rantse. Sai ya karɓa, ya karya, ya cire bututun, ya juya shi ya duba tambarin da ke ƙarƙashi, ya zura ma'auni a maƙogwaro. In mutum ya ƙosa ya ce ai a bayyane take, sai Kawu ya ɗaga masa hannun hagu, inda yatsu biyu suka ɓace.

Labarin yatsun sau ɗaya ya ba ni, yana cin abinci. Yana matashi ya bi wani mai kuɗi tafkin Fayyum don ya gwada masa bindiga. Ya ga roba a gindi, ya ga kunama ɗaya, ya ce Jika ce, ya zura dogon harsashi. Kaka ce aka yi wa kwalliya. Bututun ya tsage daidai inda hannunsa ke riƙe. Ya ce bai ji zafi ba da farko, ƙara kawai ya ji, sai ya ga mai tuƙa kwalekwalen ya dafe kunci jini na fita ta tsakanin yatsunsa, wani ɓallin ƙarfe ya shiga ya fita ta baki. Da ya duba ƙasa ya ga yatsansa ɗaya a cikin ruwan da ya taru a kwalekwalen. Ɗayan bai gan shi ba. Ya gama labarin ya ce miyata ta yi gishiri.

Hancin mai shago kuwa ina da cikin fari abin ya faru. Lokacin mahaifinsa na da rai, shi saurayi ne mai yawan wasa. Na shigo da kwanon abinci, sai ya ɗauki wata Uwa daga kan benci ya auna cikina ya ce bum. Ban ga tashin Kawu ba. Na dai ji wani sauti kamar an taka ƙwarya, sai ga saurayin a ƙasa, jini ya wanke masa riga. Yana kuka yana cewa, "Wallahi babu komai a ciki, ya Usta." Kawu ya ce, "Na sani. Ni na fitar." Ya ƙara masa ɗaya a ƙeya. Da uban ya zo ya ji abin da ya faru, sai ya ja ɗansa zuwa asibiti, ya bar wa Kawu makullin shago kamar kullum.

Ba zan ce Kawu mutum ne mai daɗin zama ba, don ƙarya a kan mamaci ba alheri ba ce. Hannunsa ya fi bakinsa sauri, kuma ba kowane mari ne ya dace ba. Na sha gaya masa. Amma shi ne wanda, ranar da mijina ya rasu, ya zo ya kwashe kayana a kansa ya dawo da ni gidansa, yana zagin nauyin tukwanena tun daga Giza har Darrasa. Shi ya share ɗakin ƙasa ya ce in riƙa dafa wa ɗalibai abinci. Ɗalibin da ya fara cewa tuwona ya yi ruwa bai sake faɗa ba. Kuma duk shekarun da ya yi cikin bindigogi, Kawu ba ya cin naman tsuntsu. In masu farauta sun aiko masa da agwagi, maƙwabta ke morewa.

Sai yaƙi ya shiga Sudan, ya gangaro har ƙauyenmu. Yaya, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, manomin riɗi ne, bai taɓa barin gida ba. Ya iso mana Alƙahira shi kaɗai, da jallabiyar da ke jikinsa. Ya daɗe bai yi magana ba. Ranar da ya yi, ina tankaɗe gari ne, ya faɗa mini yana kallon bango. 'Yan bindiga sun zo da rana tsaka suna karɓar babura. Ɗansa na fari ya riƙe makullin nasa. Wanda ya ja gaba mutumin kasuwar garin da ke kusa da mu ne, Yaya ya sha sayar masa da riɗi, har sun ci abinci kwano ɗaya. Mutumin ya yi murmushi ya harbi saurayin a wuya. Uwar ta faɗa a kan ɗanta, ya harbe ta a baya. Yaya kuwa mutum biyu na danne da shi, fuskarsa na cikin ƙasa, ido ɗaya ne a waje. Da wannan idon ya ga komai.

Kawu ya sama masa aikin shara da ɗaukar kaya a shago. Muka ce zai farfaɗo a hankali. Wata Juma'a ya je Titin Faisal a Giza, inda 'yan Sudan suka cika, ya dawo ya ce ya ga wanda ya kashe masa mata da ɗa. Yana nan a gefen titi da tebur, yana sayar da turaren wuta da garin kuɓewa. Yaya ya ɗaga hannu ya rantse a gabanmu cewa ba za su ci gaba da shan iska ɗaya ba.

Kawu bai mare shi ba, abin da ya ba ni mamaki. Tambaya ya yi.

"Daga ina ka gan shi?"

"Daga tsallaken titi."

"To ba ka gan shi ba."

Washegari Kawu ya hau mikrobas, ƙaramar motar haya, ya tafi da kansa. Ya yi ta zuwa yana bincike a wurin dattawan da suka san dangin. Da ya gama ya zaunar da Yaya ya ce, "Ba shi ba ne. Ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya baro Sudan tun kafin a shiga ƙauyenku. Wancan yana can Sudan."

Yaya ya ce, "Shi ne. In ma ba shi ba ne, jininsu ɗaya. Halas, magana ta ƙare."

Daga nan ya daina maganar, ni kuma shirun ya fi tayar mini da hankali. A bayan shago akwai akwatin da ake tara gaɓoɓin bindigogin da suka mutu, waɗanda ake jira a lanƙwashe. Yaya ne ke share wurin. Wata rana bayan ɗalibai sun ci abincin rana sun watse, na zura hannu cikin buhun garin masara na taɓa ƙarfe. An naɗe shi da tsohuwar jallabiyar da Yaya ya zo da ita. Ban kwance ba. Na kira Kawu a waya na ce ya bar duk abin da yake yi.

Ya shimfiɗa ta a kan teburin da nake yanka albasa. An datse bututun da zarto don ta shiga cikin riga. Kawu ya kaɗe garin, ya shafa zanen da babban yatsa, ya karya, ya juya, ya duba ƙarƙashi, kamar yadda na ga yana yi shekara da shekaru.

"Jikin Kaka ne, Uwata. Bututun Jika. Ba sa hawa juna, sai yayanki ya goge haƙorin da magagari har ta rufu." Ya rufe ta, ya ɗaga ta wajen taga. "Zo ki duba."

Na duba. Akwai siririn haske a inda bai kamata a ga haske ba.

"Ta rufu, ba ta kulle ba. Ranar da ya ja kunama baya za ta buɗe. Fuskarsa za ta ci."

Muna haka Yaya ya shigo. Ya dube ni, na san ba zai manta mini ba, ya dubi teburin.

"Ba ni, Kawu."

"Kai ɗan nan, ka san abin da ka haɗa?"

"Harbi ɗaya nake buƙata. In ta ci fuskata bayan ta ci tasa, tamam, na yarda."

"Ba za ta kai shi ba. In ma ta kai, ka kashe ɗan wata mata da bai taɓa maka komai ba. Sai in wanke ka, in wanke shi, wanda ya yi ɓarnar kuma yana can yana shan shayi."

"Kai ba ka haihu ba. Ba ka san komai ba."

Ban taɓa jin wanda ya faɗa wa Kawu haka ba. Yaya ya kai hannu, Kawu ya riƙe bututun, suka fara ja. Yaya ƙato ne, noma ya gina shi, Kawu kuwa ya haura saba'in. Yaya ya hankaɗe tsohon, kansa ya bugu da bango, goshinsa ya fashe, jini ya sauko masa har gemu. Ina ihu ina riƙe rigar Yaya, ya yarfar da ni kan tukwane. Ya dafa bindigar a kan tebur da hannun dama yana laluben aljihu da hagu, a nan na gane harsashin na jikinsa. Kawu ya miƙe da taɓaryata. Bai yi gargaɗi ba. Ya sauke ta a kan hannun da ke kan tebur, ya ɗaga ya sake saukewa. Na ji karyewar ƙashi sau biyu, kuma har yau in ana daka a kusa da ni sai in bar wurin. Yaya bai yi ihu ba. Ya durƙusa, ya kifa goshi a gefen tebur, yawu na zuba daga bakinsa.

Kawu ya jefar da taɓaryar, ya kwance rawaninsa ya ɗaure hannun a hankali, jinin goshinsa na ɗiga a kan farin ƙyallen. Ya zare harsashin daga aljihun Yaya. Ya tare tasi muka tafi asibiti, ya ce wa likita tukunyar gas ce ta faɗo. A hanyar dawowa Yaya ya yi maganarsa ta ƙarshe da Kawu a duniya. Ya ce, "Ina da hagu. Wuƙa kuma ba ta neman yatsa."

Na yi fushi da Kawu a ranar, kuma na gaya masa. Na ce mutumin da aka kashe wa mata da ɗa, kai kuma ka ƙara masa da hannu? Ya ce, "Uwata, hannu nake da shi, da shi na yi. In kina da wata dabara, bismilla." Ba ni da ita. Ya mayar da gaɓoɓin shago ya lanƙwashe su a matsi.

Hannun ya warke a karkace, manuniyar ba ta lanƙwasuwa. Yaya ya bar shagon, ya sami aiki a gidan burodi, ya koma kwana a ɗakin wasu ɗalibai. In ya hango Kawu a lungu sai ya juya. Na san yana zuwa Titin Faisal, domin mutane na ganinsa a tsaye a tsallaken titi, ba ya saye ba ya sayarwa. Kawu kuma ya fara rufe bencinsa da azahar, ya dawo gab da magariba yana jan ƙafa, gwiwoyinsa a kumbure. Na ce masa ko karatun da ya gudu ne ya koma wa a tsufa. Ya ce in kama bakina. Rigarsa na ƙamshin turaren wuta, kuma garin kuɓewa ya yi yawa a ɗakin girkina har na rasa inda zan zuba. Na gane inda yake zuwa. Abin da yake yi a can ne ban sani ba. Haka aka yi sanyi aka yi zafi, har Talatar da ya zauna sa takalmi don ya tafi shago.

Yaya ya zo jana'iza. Shi ne namiji mafi kusa, shi ya shiga kabari ya karɓe shi, shi ya zauna a kan tabarma yana karɓar gaisuwa. Bai yi kuka ba. A al'adarmu ta Sudan, mai ta'aziyya yana tsayawa gaban mai makoki ya ɗaga hannu biyu ya ce Fatiha, shi kuma dole ya miƙe ya ɗaga nasa su karanta tare. Yaya ya yi ta miƙewa yana zama kamar ba shi a jikinsa.

Ranar sadakar uku bayan la'asar na sauko da butar shayi zan miƙa daga bakin ƙofa. An ajiye farantin nama a gaban Yaya yana yanka wa baƙi da hagu. Sai wani siririn mutum ya shigo lungu, yana tambayar ko nan ne gidan Hajj, wato Kawu. Ban taɓa ganinsa ba, amma na ga fuskar Yaya, na kuma ji ƙamshin turare.

Aka nuna masa Yaya. Ya tsaya a gabansa ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Al-Fatiha." Yaya bai motsa ba. Mutane suka fara kallon juna. Mutumin bai sauke hannu ba, yana jira. Can Yaya ya ajiye wuƙar, ya miƙe, ya ɗaga nasa. Ban ga leɓensa ya motsa ba.

Baƙon ya zauna kusa da shi, aka ba shi shayi. Da Larabcin Sudan yake magana, a hankali, kamar mai jin kunyar ya zo a makare. Ya ce ma'alish, a yi masa haƙuri, sai yau ya sami wanda ya san gidan. Ya ce, "Hajj kullum yana zuwa teburina bayan azahar, ya zauna a gefe yana kushe kayana. In na tashi sai ya raka ni har bakin mikrobas, ba ya barin wurin sai motar ta tashi. Ban taɓa sanin dalili ba. Na ce masa ya Hajj, gwiwoyinka, ka huta. Ya ce in kula da turarena." Ya goge ido da hannun riga. "Sau ɗaya ya tambaye ni yayana. Na ce ban san inda yake ba, kuma ba na so in sani. Ni na gudu ne don kada a ba ni bindiga. Bai sake tambaya ba. Ba ni da kowa a garin nan, shi ne ya zama kamar ubana."

Yaya na kallon tabarma. Da mutumin ya gama shayinsa ya yi addu'a ya miƙe, sai Yaya ya miƙe shi ma.

"Tsaya in raka ka."

Dattawa suka ce madalla, haka ya kamata. Suka fita. Na dubi farantin nama, babu wuƙa a kai.

Na ajiye butar, na ja mayafi, na bi su ba takalmi. Ba ni da wanda zan kira. Suka ratsa gaban shagunan littattafai, baƙon na gaba yana magana, Yaya na bayansa kaɗan, hannun hagu a cikin aljihun jallabiya. A inda lungu ya tsuke suka haɗa kafaɗa, na ƙara sauri. Suka fito babban titi inda yaran mota ke kiran Giza, Giza, yalla. Mutumin ya juyo yana godiya, ya yi murmushi ya miƙa hannu. Yaya ya tsaya yana kallon fuskarsa, kusa da kusa, har mutumin ya fara tsarguwa. Direba na ta danna ham. Yaya ya ba shi karyayyen hannun, suka gaisa. Ya shiga, aka ja ƙofa, motar ta bi cikin sauran motoci.

Da Yaya ya juyo ya gan ni bai yi mamaki ba. Ya zaro wuƙar ya miƙo mini ta ƙota. Ya zauna a bakin titi, na zauna kusa da shi, mutane na ratsa mu.

"Wancan yana da wushirya," ya ce. "Da ya yi murmushi kafin ya harba, na gan ta. Wannan ba shi da ita. Muryar ma ba ita ba ce." Ya dubi tsallaken titi. "Ban taɓa tsallaka titin ba. Kawu ya gaya mini, ni kuma na fasa masa kai."

Sai kukan ya zo masa, na matarsa da na ɗansa da na Kawu duk a haɗe, ni ma nawa ya zo. Muka daɗe a wurin. Da ya lafa na tambaye shi abin da ke raina, domin ni ba mai iya haɗiye tambaya ba ce.

"Gobe fa, Yaya?"

Ya share fuska da gefen riga. "Gobe mai turaren ba ya buƙatar rakiya."

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo da yatsu takwas da hannu mai nauyi. Ka yafe masa inda ya yi yawa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sa masa a mizani rayuka biyun da ya bar mana a raye.